Amsa ga ɗan yayana a kan rediyon tauraron ɗan adam a motocin Amurka

Ɗana, saƙonka ya same ni a wurin hutawar direbobi, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na yarda da abin da idona ya gani. Ka samu gurbin karatu a Texas, ko biza ba ta fito ba, amma damuwarka ita ce wane tsarin rediyon tauraron ɗan adam za ka riƙa biya idan ka sayi mota, da kuma ko ya kamata ka canja lasifikokinta tun daga farko. Ba kai ne na farko da ya yi mini wannan tambaya daga gida ba, shi ya sa zan amsa a fili domin na huta da maimaitawa.

Na san inda sha'awar ta samo asali. Motocin Amurka da ake shigo da su ta Kwatano suna zuwa da wani maɓalli mai rubutun SAT ko XM, ku danna ku ji shiru, mai wayarin ya ce muku lalacewa ya yi. Lafiyarsa ƙalau, taurarin da yake nema ne ba sa haska Afirka, don amfanin Amurka da Kanada aka yi su. Mahaifinka zai iya tuna WorldSpace, kamfanin rediyon tauraron ɗan adam wanda Noah Samara ɗan asalin Habasha ya kafa, ya harba tauraronsa na Afirka a 1998, ya kuma durƙushe a 2008. A nan ma kamfani biyu ne a da, XM da ya fara a 2001 da Sirius da ya biyo baya a 2002, sannan suka haɗe a 2008 suka zama SiriusXM. Saboda haka zaɓin da kake ta aunawa bai wuce tsare-tsaren kamfani ɗaya ba, mai tashoshi kaɗan ko mai tashoshi da yawa, kamar yadda kuke yi da DStv.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne babu Hausa a ciki, ko ta minti ɗaya. Akwai BBC, amma sashen Turanci ne. Sauran kuwa kaɗe-kaɗensu ne, da muhawarar siyasarsu, da sharhin irin ƙwallonsu da ake runguma a hannu. Idan kana tsammanin za ka danna maɓallin nan ka ji labaran safe na Sashen Hausa, ko muryar Freedom Radio daga Kano, to ka cire ranka tun kana gida.

Ni ina biya, kuma ina da dalili. Tirela nake ja, kuma babbar hanyar I-10 a cikin Texas kaɗai ta kai kusan mil 880. Da zarar ka wuce San Antonio ka nufi El Paso, akwai wuraren da tashoshin FM suke dusashewa ɗaya bayan ɗaya, sabis ɗin waya ma ya ɗauke, ka rage daga kai sai ƙarar injin da tsakar dare. A irin wannan wuri muryar da ba ta yankewa tana hana mutum gyangyaɗi, kuma gyangyaɗi a kan tirela ba ya barin gyara. Sai dai wanda zai yi tafiyar minti goma daga ɗakinsa zuwa aji, a garin da tashoshin kyauta suka cika akwatin rediyo, ban ga abin da zai saya da kuɗinsa ba.

Batun kuɗin ne nake so ka buɗe kunne a kansa. Sabuwar mota kan zo da gwaji na kyauta, galibi wata uku, sannan wasiƙun rangwame su fara sauka a akwatinka. Rangwamen gaskiya ne, amma sai ka ba da lambar katin bankinka, kuma ranar da wa'adin ya cika cikakken farashi za a fara cira ba tare da an sake tambayarka ba, wanda a babban tsari ya haura dala 20 a wata kafin a ɗora wasu kuɗaɗen. A Disambar 2023 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta kai kamfanin kotu a kan wahalar da masu son dainawa suke sha, kuma a Nuwambar 2024 alƙali ya ce hanyar dainawar ta saɓa wa dokar tarayya. A gida idan kuɗin dikoda ya ƙare hoto ne yake ɗaukewa, ka huta har Allah ya hore. A nan asusunka ake shiga, ko kana da shi ko ba ka da shi, banki kuma yana iya cin ka tara idan ya tarar babu komai. Kai da doka ta ƙayyade maka aikin awa 20 a mako, a cikin makaranta kaɗai, ga inshorar mota da take tsauwala wa matashin da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar, ba ka da sararin ƙara wani bakin da zai riƙa ci kowane wata.

Maganar lasifika kuwa tana taɓa mini wani tsohon miki. Motata ta farko tsohuwa ce, na same ta da guminta, kuma ƙuruciya ta sa na kai ta wani shago aka saka mini amfilifaya da ƙatuwar lasifika a but, rabin kuɗin bashi. Mai shagon bai gaya mini cewa batir da altanetar motar ba za su ɗauki nauyin ba, kuma aikin wayarin da ya yi ya sa na'urar tana jan wuta ko motar tana kashe. Wata asuba na murza makulli ta ƙi tashi, na makara a wurin aikin da na yi watanni ina nema, aka sallame ni a makon. Kafin nan ma maƙwabci ya taɓa kira mini 'yan sanda saboda ƙara, domin a nan ba a leƙowa a ce don Allah a rage, waya ake ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai 'yan uwanmu da suka riga ni zuwa, suka ga ina shirin wannan wauta, suka yaba ƙarar, babu wanda ya ja ni gefe.

Abin da zai kai ka gida yana aljihunka. Ka nemi motar da take da Bluetooth, ko aƙalla ramin jona waya, idan kuma ta tsufa ƙwarai akwai wata 'yar na'ura mai araha da ake cusawa a ramin caji, ta tura sautin waya zuwa wata mitar FM da babu tasha a kanta. Da wannan nake jin BBC da DW da RFI da Hausa, nake jin tafsiri da azumi. Ka saba da sauke shirye-shirye a ɗaki kafin ka fita, kuma ka lissafa tazarar lokaci, domin Najeriya tana gaban Houston da awa 6 a lokacin zafi, awa 7 a lokacin sanyi, har shirin dare na gida yakan same ni ina cin abincin rana. Ka kuma kafa wayar a mariƙi, ka saita komai kafin ka tayar da mota, saboda Texas ta haramta rubuta saƙo a kan tuƙi tun 2017.

Ina da kebul da mariƙin waya da ba na amfani da su, suna nan a ajiye. Idan bizar ta fito ka sanar da ni ranar saukarka, zan taho da su filin jirgi, kuma sai ka yi zango ɗaya na karatu kafin mu zauna mu yi maganar mota. Ka gaida mini Yaya da mutanen gida.