Ku Tambaya Mu Amsa: Ya Fito Daga Gidan Yari, Ina Zai Kama?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan magana guda, wato neman abin yi ga wanda ya gama zaman gidan yari. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena zai fito daga gidan yarin Zariya nan da wata huɗu, bayan shekara uku. A ciki ya koyi kafinta. Mu 'yan uwa mun haɗa kuɗi, wasu na cewa a damƙa masa ya ja jari, wasu na cewa a kama masa shago. Wanne ya fi?
Daga wata yaya, Tudun Wada

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya bar zumunci. Duka biyun a jingine su tukuna. Wata huɗun nan da ya rage akwai aikin da ya fi su gaggawa.

Idan kun je ziyara ta gaba, ku nemi ganin jami'in da ke kula da walwalar fursunoni. Ku tambaye shi ko ƙanen naku ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Idan bai zauna ba, a ga ko za a iya sa shi kafin ya fito. Ku kuma tambayi batun takardar shaidar kyawun hali. Dokar 2019, wadda ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gidajen gyaran hali, ta tanadi wannan takarda ga wanda ya nuna ɗa'a, ta kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda ɗaurin da ya sha. Ba a miƙa ta a bakin ƙofa, sai an bi sawu. Hukumar kan ba wasu kayan aiki idan sun fito, to a sa sunansa, amma kada a ɗora lissafi a kai.

Makon farko na takardu ne. Layin wayarsa da ya yi shekara uku a kashe, da wuya a ce kamfani bai sayar wa wani ba, ga shi kuma da wannan lambar aka ɗaure BVN ɗinsa. Asusun bankin ma ya kwanta. Sai ya ɗauki lambarsa ta NIN ya yi rajistar sabon layi, ya je banki da ƙafarsa a sauya lambar waya a farfaɗo da asusun. Yau ko mai gyaran kujera tiransifa ake yi masa, kuma kuɗin aikinsa bai kamata ya riƙa faɗawa asusun wani ba.

Dalilin da ya sa muka ce a dakata da shago shi ne, ya iya riƙe zarto amma bai san kasuwa ba. Farashin katako da ƙusa da gam da ke kansa na shekara uku baya ne. Zai yi wa mai gado ciniki da tsohon lissafi, ya karɓi kafin alƙalami, ya shiga Sabon Gari ya tarar kuɗin ko rabin katakon ba su saya ba. Aiki ya tsaya, mai kaya ya gaji da zarya ya kai ƙara. Wani kafintan haƙuri zai bayar a wuce wurin. Shi kuwa da zarar an ji inda ya fito, maganar ta koma zamba cikin aminci. Saboda haka a sama masa oga mai aiki a hannu, ya yi wata shida a ƙarƙashinsa yana ganin yadda ake yanka farashi.

Kuɗin kuma a kasa su uku. Kashi ɗaya a sayi kayan hannu, zarto da guduma da tef ɗin awo da sukwaya da makamantansu, a karɓi rasit da sunansa a adana, don ranar da za a tare shi da jakar kaya a tambaye shi inda ya samo su. Kashi na biyu kuɗin mota da abincin rana ne na wata uku, ana ba shi mako-mako. Na ukun ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce, a rubuce, sai ogan ya ce yaro ya isa tsayawa da kansa. Kuɗi a dunƙule a hannun wanda ya fito jiya, masu bin sa tsohon bashi da abokan majalisa sun fi shi sanin ranar da suka shigo.

Idan a unguwarku abin ya faru, a nemi ogan a wani ɓangaren gari, ko Samaru ko Sabon Gari. Kafin ranar fitowar kuma manyan gida su gaida mai unguwa su sanar da shi, su je wa wanda aka yi wa laifin da ban haƙuri idan hali ya yi.

TAMBAYA: Shekarata guda da fitowa. Duk inda na faɗi gaskiya sai a ce "za mu neme ka". Da na ɓoye na samu aiki a wani shago, bayan wata biyu labari ya kai wa mai shagon ya sallame ni. In ci gaba da ɓoyewa?
Daga wani matashi, Kwangila

AMSA: Malam, Zariya ba garin ɓuya ba ne. Ko ba daɗe ko ba jima wani zai shigo sayayya ya gane ka, kuma mai shago zai ji zafin ɓoyewar fiye da ɗaurin.

Ba kowane wuri ne sai ka yi shela ba. Aikin yini, irin lebura a wurin gini ko lodin buhu ko noman rani, ba wanda ya tambaye ka, ba ka da bashin bayani. Amma inda aka ba ka fom aka tambaya ko an taɓa ɗaure ka, kada ka rubuta ƙarya, don ita kaɗai ta isa dalilin kora ko bayan shekaru ne. Inda kuma za a ba ka makulli ko aljihun kuɗi ko a tura ka cikin gidan mutane, ka faɗa kafin a ba ka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an ga aikin hannunka na 'yan kwanaki.

Ka taƙaita: ga laifin, ga shekarun da na yi, ga abin da na koya, ga wanda zai tsaya mini. Ban da zagin alƙali, ban da yawan rantsuwa. Mai tsaya makan nan shi ne rabin maganar. "Za mu neme ka" amsar wanda ya zo shi kaɗai ce. Ka je da kawu ko liman ko tsohon oganka, wanda za a ji kunyar idonsa.

Kada ka ƙarar da takalminka a ƙofar da ke rufe. Kamfanonin gadi doka ta taƙaita musu ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da laifi, aikin gwamnati kuma sai da amincewa ta musamman daga hukumar ɗaukar ma'aikata.

TAMBAYA: Ina da garejin walda. Limaminmu ya roƙe ni in ɗauki wani yaro da ya fito kwanan nan. Ina son in taimaka, amma ina tsoron ɓatan kaya da surutun sauran yara.
Daga wani mai gareji, Sabon Gari

AMSA: Alhaji, tsoronka a kan hanya yake, kuma yana da magani. Ka fara da sanin ainihin laifin daga bakin yaron a gaban liman. Wanda faɗa ya kai shi daban, wanda sata ta kai shi daban, kuma da wannan za ka san inda za ka ajiye shi. A rubuta yarjejeniyar gwaji ta wata uku: lokacin zuwa da tashi, abin da za a riƙa ba shi, da abin da zai jawo sallama. Shi da mai tsaya masa su sa hannu, shugaban ƙungiyarku ta masu walda ya zama shaida. Ka riƙa biyansa duk mako, don wanda ba shi da ko sisi ba zai iya jiran ƙarshen wata ba.

Batun kaya, ka kafa ƙidayar yamma a kan kowa da kowa, tun kafin ya fara zuwa. Injin yanka, waya, kwalin ilaktirod, a ƙirga a rubuta. Idan ba haka ba, duk yaron da dama yake ɗan taɓe-taɓe ya samu wanda zai laƙa wa, kuma hakan na faruwa fiye da yadda masu gareji ke zato.

Akwai halaye biyu da za su iya ruɗa ka. Za ka ga ya gama aiki ya tsaya ƙiƙam har sai an ce yi kaza. Ba lalaci ba ne, ya fito daga inda ba a motsi sai da umarni. Ka lissafa masa aikin yini tun da safe, a hankali zai saba. Na biyu, tsawa a gaban mutane. A ciki, wanda ya bari aka raina shi ya shiga uku, don haka yakan ɗauki ƙaramar magana da zafi. Ka ja shi gefe ka yi masa gyara, ka kuma hana yara kiransa da sunan tsokana tun ranar farko.

Ranar da bai zo ba, a ranar za ka kira mai tsaya masa, kada ka tara. Idan ka ga alamun shaye-shaye, barci a bakin aiki ko jan ido ko yawan neman rance, a kai shi sashen masu taɓin hankali da shaye-shaye na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin masu taɓin hankali na Barnawa a Kaduna. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a gwada shi, cunkoson ɗakin kwana na yaɗa tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

TAMBAYA: Ɗana ya yi shekara biyu yana jiran shari'a, aka sake shi ba a yanke masa hukunci ba. Shi ma tsohon mai laifi ne a doka?
Daga wani uba, Gyallesu

AMSA: A'a, Baba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma mafi yawan waɗanda ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne irinsa. Idan fom ya tambaya ko an taɓa samunsa da laifi, amsarsa a'a ce. Ku je rajistarar kotun da ta sake shi ku karɓi kwafin umarnin mai hatimi, ku yi hotonsa da yawa. Ku kai wa lauya, ko ofishin ba da agajin shari'a kyauta na gwamnati da ke Kaduna, ya duba ko wanke shi aka yi ko kuwa sallama ce kawai, domin ƙarar da aka yi sallama kawai a kanta ana iya sake tayar da ita.