Mai tambaya: me ya sa masu karatu suka juya wa jarumata baya?

Kin ce a labarin da kike rubutawa jarumarki ta mutu a hannun kishiya, ta farka a baya tana shekara 17 da sanin duk abin da ya faru, amma tun babi na 30 masu karatu ke ƙorafi. Ina zargin kin ja ramuwar da yawa. Mai karatu yana jure wulaƙanci ne idan ana biyansa kaɗan-kaɗan: duk babi 4 ko 5 ki ba ta ƙaramar nasara, ko ta ƙi shan maganin da ya kashe ta, ko ta ɓoye takardar gado kafin a sace. Sannan kada sanin gaba ya warware komai. Da zarar ta canja abu ɗaya, sauran su sauya, kishiyar ma ta sake dabara. In kuwa yafiya kike shirin yi a ƙarshe, fara shimfiɗa ta tun yanzu, don yafiyar bazata ce ta fi tunzura su.