Amsoshin Tambayoyinku: Kallon ƙwallo a ƙasar mutane

Wasiƙun wannan mako uku ne, duka daga ƴan Damagaram da ke zaune a waje, kuma kamar sun haɗa baki: duk a kan ƙwallo suke.

Tambaya: Yaya, ni ɗan Birni ne, ina karatu a Liyon ta Faransa. In na biya ɗaki da abinci, yuro 30 ke rage mini a wata. Na so in na zo hutu in tafi da dekodar Canal+ ta gidanmu, sai wani ya ce in bari, akwai mai sayar da ɗan akwati da ke kamo tashoshin duniya duka, biya ɗaya a shekara. Wanne ya fi?

Ƙanena, ka bar wa tsoho dekodarsa. Ko ka kai ta Liyon, ado kawai za ta zama a kan tebur. Izinin nuna wasa, ga kowace ƙasa ko yanki daban ake sayar da shi, kuma Canal+ ta Afirka da ta Faransa suna ne ya haɗa su, amma kati daban, kwangila daban. Balle ma wa zai bar ka ka kafa faranti a tagar ɗakin ɗalibai? Don ka ga yadda abin yake, a Ingila kanta ba a nuna wasannin Firimiya na ƙarfe 3 na yammacin Asabar a tele kai tsaye. Mutumin Manchesta na bin sakamako a rediyo, yaro a Garin Malam yana kallon wasan da idonsa.

Akwatin nan kuwa na sata ne, kuma dokar Faransa ta hana. Hukumar Arcom, mai sa ido kan kafofin watsa shirye-shirye a Faransa, tana toshe irin waɗannan hanyoyi, ta fi kuma matsa musu ranar manyan wasanni, wato ranar da ka fi bukatarsa. Ranar Talata da rana zai nuna maka tashoshin girki tar kamar madubi. Daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, ana shirin buga fanareti hoto zai daskare. Ka kira mai sayarwa, lamba a kashe. Kuɗin shekara ya tafi, lambobin katin bankinka kuma suna hannun wanda ba ka san fuskarsa ba. Kai baƙo ne mai zama da takardar karatu, kada ka ja wa kanka magana da hukuma saboda minti 90.

Amma bari in tambaye ka, wasan kake kewa ko fada? Ni dai na san abin da ke sa kallo daɗi a garin nan. Benci biyu a ƙofar gida, buta kan gawayi, ƙaramin cikinku yana ɗaga shayi sama har ya yi kumfa, wani yana rantsuwa alƙalin wasa an saye shi. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, a kwasa da gudu zuwa gidan kallo mai inji, a tarar an riga an ci. Tambayi manyanku ranar da Masar ta lallasa Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, 3-0 a Alƙahira, a Oktoban 2011. Mun zauna jugum, shayi ya huce ba mai sha. Can sai labari ya iso cewa Afirka ta Kudu ta tashi 0-0 da Saliyo, ƴan wasanta har suna rawa a fili sun ɗauka sun wuce, ashe lissafin karawa tsakanin ita da Saliyo da Nijar, da suka yi kunnen doki a maki, Nijar ya ba tikitin gasar kofin Afirka ta CAN 2012, karo na farko a tarihi. Wanda ya ji wannan shi kaɗai a ɗaki, da wa zai yi ihu?

Don haka ga shawarata. Nemi mutum uku ko huɗu, ƴan Nijar ko ƴan Mali da Senegal, ba a rasa su a unguwar Guillotière. Ku haɗa kuɗi ku yi rajista ta halal guda ɗaya, ku riƙa haɗuwa a ɗakin wanda ya fi tele babba. Ku zaɓi wadda ake biya wata-wata, ba mai ɗaure mutum shekara ɗaya ko biyu ba, kuma kafin ku biya ku duba wace tasha ke riƙe da gasar da kuke so a wannan kakar, don abin yana sauya hannu. Wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai da wasannin ƙungiyar ƙasar Faransa a buɗe ake nuna su, ba sai ka biya ba. Sauran canjin yuro 30 ɗinka, sayi buta da ganyen shayi da sukari.

Wani abu ƙarami: daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris agogonku da namu ɗaya ne, bayan nan kun riga mu da awa guda. Kuma hoton intanet yana bin na faranti a baya da daƙiƙu masu yawa, saboda haka kife wayarka, in ba haka ba ƴan fadarku za su rubuto maka “an ci!” a WhatsApp kafin ƙwallo ta bar ƙafar mai bugu.

Tambaya: Malam, ni direba ne a wani gida a Jidda. Na tara ɗan abu, ina so in sayi babbar waya in riƙa kallon gasar zakarun Turai da dare. Juma’a kaɗai nake hutu.

Alhaji, yi lissafi da ni. Wasan da ake take shi ƙarfe 9 na dare a Faransa, a Jidda ƙarfe 11 ne lokacin sanyi. A tashi wajen ƙarfe 1, in an yi ƙarin lokaci ya wuce haka. Ka yi asuba, ka kai yaran mutane makaranta da ido ja. Aikinka sitiyari ne, kuma iyalinka a Zango da wannan sitiyarin suke cin tuwo. Ban ce kada ka sayi waya ba, amma wasa guda a intanet yana cin giga biyu zuwa sama, gwargwadon kyan hoton. Taƙaitaccen wasa na ƴan mintuna da safe ya ishe ka gardama da kowa.

Abin da ya ba ni mamaki a wasiƙarka, ƙwallo ta biyo ka har ƙofar gida kana leƙen ta Turai. Al-Ittihad da Al-Ahli duk ƴan Jidda ne, filin Sarki Abdullah da ake kira Al-Jauhara yana cin mutum wajen 60,000. A 2023 Ronaldo ya fara buga wa Al-Nassr, a shekarar kuma Sadio Mané da Riyad Mahrez da Édouard Mendy suka koma Saudiyya. Duba jadawali, in wasa ya faɗo ranar hutunka ka sayi tikiti ta hanyar da ƙungiyar ta sanar, kada ka saya hannun masu tsayuwa a bakin ƙofa. Tafi da wani ɗan gida. Ka ɗauko hoto ka aiko, yaranka su yi mako suna nuna wa unguwa.

Tambaya: Ina zaune a Beljiyam, zan zo gida. Ƴaƴan yayata huɗu kowa ya ce rigar ƙwallo ta asali yake so. In saya?

Hajiya, Allah ya kawo ki lafiya. Kada ki saya. Kuɗin ta asali guda ɗaya zai yi wa su huɗun riga da wando a Kasuwar Dole, har ki samu na kilishin komawa. Yaron da zai buga da ita a filin ƙasa, a wanke ta da sabulun sanda a shanya a ranar Afrilu, wata biyu ba mai bambance ta da ta kasuwa. In kina son tsarabar da za su tuna ki da ita, kawo musu ƙwallo mai ɗinki mai ƙarfi guda biyu da famfo, a sace iskar kafin a sa a akwati. Rigunan kuma ki bari sai kin iso ki kai su su zaɓa da kansu, don na tabbata cikin huɗun nan akwai wanda ya sauya ƙungiya tun bayan da kuka yi waya.