Ɗana Ya Buge Ɗan Acaɓa, Ko In Ƙetarar Da Shi Yola?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a unguwar Yelwa da ke Garwa a ƙasar Kamaru, kuma mijina ya rasu ya bar mini mota guda, wadda takardunta suke da sunana. Ɗana na fari, mai shekara 26, shi ke tuƙa ta, amma gudun da yake yi ya sa har maƙwabta suna kawo mini ƙara. Sau biyu ina biyan kuɗin gyaran motocin da ya goga. Ranar Lahadin da ta wuce, yana dawowa daga kasuwar Pitowa, ya buge wani ɗan acaɓa ya karya masa ƙafa. Jandarmomi sun tsare shi kwana biyu, suka sake shi da sammacin kotu. Ƙanen mahaifinsa ya ce mu ƙetarar da shi Yola a Najeriya har ƙura ta lafa. Me kike gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba wanda aka buge lafiya, ya kuma sanyaya miki zuciya. Kada ki tura shi Yola. Na fahimci cewa baffansa tausayi ne ya sa shi faɗin haka, amma rashin halartarsa ba zai hana kotu yanke hukunci a bayan idonsa ba, kuma yaron da yau yake da damar tsayawa gaban alƙali ya nuna nadama zai koma wanda yake fargabar kowane shingen jandarma a duk ranar da ya so zuwa gaishe ki.

Ya kamata ki san girman abin da ke gabansa. Sashe na 289 na kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, da tarar sefa dubu 10 zuwa dubu 500, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya jawo mutuwa ko mummunan rauni ta hanyar ganganci ko sakaci. Sashe na 290 kuwa ya ninka hukuncin idan direba yana cikin maye, ko ba shi da lasisin tuƙi, ko ya tsere don kada a gane shi. Saboda haka ki zaunar da shi ku biyu kaɗai, ki tambaye shi ko lasisinsa na gaske ne, ki kuma tambaye shi abin da iyaye mata ba sa son tambaya, wato ko yana shan taramol ko makamancinsa. Ban ce yana sha ba, amma gudun da ya ƙi jin magana har sau uku ya cancanci wannan tambaya, kuma gara ki ji amsar a ɗakinki da ki ji ta a zauren kotu.

Ki nemi lauya tun kafin ranar zama, ki kai masa sammacin da takardun mota da na inshora. Idan inshorar tana aiki, a sanar da kamfanin da gaggawa, domin aikinta ke nan, biyan wanda motar ta cutar. Idan kuwa ta ƙare, ki shirya, domin a matsayinki na mai motar ana iya waiwayo ki da batun diyya.

Sai maganar ɗan acaɓan, wanda na lura kin ambace shi a layi ɗaya kawai. Mutumin nan da ƙafarsa yake ci, kuma mai yiwuwa babur ɗin ma ba nasa ba ne, akwai mai jiran kuɗin yini a kansa. Ku je asibiti da wani dattijo na unguwa, kuma lallai ɗanki ya kasance a cikin tafiyar, ya ga karayar da idonsa, ya nemi gafara da bakinsa. Duk abin da kuka bayar na magani ko cefane a rubuta shi gaban shaidu. Sulhu yana da nauyi a idon alƙali, sai dai kada ki ɗauka cewa shi kaɗai ya rufe shari'ar.

Zan faɗa miki wata magana mai ɗaci, ki yi haƙuri da ni. Biyan da kika yi sau biyu a baya ya koya masa cewa ɓarnarsa tana da mai ɗauka. Gaskiya ne hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ban ce ki juya masa baya ba. Ki raka shi kotu, ki yi masa addu'a, ki ba shi abinci kamar kullum. Amma makullin motar ya dawo hannunki daga yau, ko ma ki kai ta gidan wani ɗan'uwa da ba zai ji nauyin hana shi ba. Kuɗin lauya da na magani su zama bashi a kansa, ya biya kaɗan-kaɗan daga abin da yake samu, ko da zai ɗauke shi shekara biyu. Baffansa da yake son taimakawa, ki roƙe shi ya zama shi ne mai karɓar kuɗin duk ƙarshen wata.