Tambaya da Amsa: Rediyon tsohuwar mota da ba ya daina ƙara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Motata ta haura shekara 20, kuma rediyon da ta zo da shi ne har yanzu a jiki. Kwanan nan ya fara shuuu ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci kuma ga wani siririn kuka da ke ƙaruwa in na taka totur. An ba ni shawarar in sayi sabo. Me kuka gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin sayen sabo. Sau da yawa laifin ba na rediyon ba ne, kuma in ka ɗora sabo a kan tsohon wayarin da tsohuwar eriya, ƙarar tana nan daram. Bayaninka ma ya nuna ƙara iri biyu ce, kowace da inda take fitowa.

Fara da kashe injin. Murɗa makulli zuwa inda rediyo ke kamawa kawai, ka saurari tasha, sannan ka koma kaset ko faifai. Idan shuu ɗin a tasha kaɗai yake, eriya ce. Zaro rediyon ka duba filogin eriyar da ke bayansa, don yakan saki ko ya yi tsatsa. Daga nan sai gindin eriyar, inda aka ɗaure ta da jikin mota. Wurin nan ruwa ke kwanciya, tsatsa ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, haɗin ya lalace. Kwance notin, goge da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ka mayar ka ɗaure tamau. In shuu ɗin yana nan har a kaset, sai a koma kan wayoyin sifika da rediyon kansa.

Shi kuwa kukan da ke bin totur, wannan daga altaneta ne, wato na'urar da ke cajin batir in injin na tafiya. Wutar da take samarwa sai ta bi ta wasu ƙananan na'urori masu daidaita ta, da ake kira diyod, kafin ta zama irin wadda batir ke karɓa. In ɗaya ya mutu, wutar ta daina fitowa sumul, wannan rawar da take yi ita ce kake ji a sifika. Da mitar auna wuta ake ganewa. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 in injin a kashe yake, in yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Sai ka juya mitar zuwa inda aka rubuta AC, wanda ke auna wannan rawar wutar, ka sake aunawa a kan batir ɗin, injin na tafiya. In ta nuna rabin bolt ko fiye, a kai altanetar wurin mai wayarin.

Amma kafin a kai ga kwance altaneta, duba baƙar wayar rediyon, wadda ake ɗaurewa a jikin mota. Ita ce ta fi yawan jawo wannan kuka. Wasu masu gyara sukan naɗa ta a kan kowane sukurun da hannunsu ya kai, ko da a kan fenti ne. Ƙarfe tsirara take so, kuma gajeriya. Haka kan batir: wannan farin garin da ke taruwa a kai, a wanke shi, a ɗaure kawunan da kyau, a duba kakkaurar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da wadda ta haɗa injin da jikin. Akwai 'yar na'urar tace wuta da ake sa wa a wayar rediyo, tana rage kukan, sai dai rufe ciwo kawai take yi in diyod ne ya mutu.

In abin da kake ji ƙas-ƙas-ƙas ne mai sauri, wanda shi ma ke bin injin, to daga fulogi ne ko wayoyinsu. Fulogin da ke hana wannan yana da harafin R a lambarsa, da turjiya ta kusan om 5,000 a ciki. Buɗe bonet da daddare injin na aiki: tsohuwar wayar da ta tsage za ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle a jikinta. Kada ka taɓa ta da hannu.

Wani abu da ake mantawa: zare cajar wayarka daga soket. Ƙananan cajoji marasa inganci da wasu fitilun LED suna dagula FM sosai.

TAMBAYA: Ni tawa matsalar, sai na murɗa maɓallin ƙara murya nake jin ƙarr-ƙarr, kuma sifikar ƙofar direba tana rawa in kiɗa ya yi nauyi.

AMSA: Na farkon datti ne a cikin maɓallin. A fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ba man shafa ƙarfe ba, a murɗa shi gaba da baya kamar sau 20, rediyon a kashe.

Sifikar kuwa, karkatar da sautin gaba ɗaya zuwa wannan ɓangaren don ka tabbatar ita kaɗai ce. Cire murfin ƙofar ka duba: a tsofaffin motoci soson da ke zagaye da takardar sifikar yakan rududduge. Danna tsakiyarta a hankali da yatsu. In ka ji tana gogar wani abu, kwayil ɗin ciki, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, ya lalace, sai canji. Yawancin sifikun mota om 4 ne, ka nemi mai wannan lamba da faɗi iri ɗaya. In sifikar lafiya lau take, bi wayarta zuwa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda buɗewa da rufewa na shekaru ke karya waya a cikin rigarta ba tare da an gani daga waje ba.