An ɗauke wuta, kwamfutata ta ƙi tashi: dole sai an yi mata fomatin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin aiki da kwamfutata ta tebur aka ɗauke wuta kwatsam, ta mutu nan take. Da wuta ta dawo na kunna ta, fankar cikinta tana juyawa, tambarin Windows yana fitowa, sai ta rubuta "Preparing Automatic Repair", ta mutu ta sake tashi, haka take ta yi. Mai gyara ya ce Windows ta lalace, sai an yi fomatin, wato a goge faifan ajiyarta a ɗora sabuwa. Kundin digirina da hotunan iyalina duk suna ciki, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina. Wallahi hankalina a tashe yake. In bar shi ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki bar shi. In kwamfutar tana hannunsa, ki je ki karɓo ta, ki kuma daina kunna ta kina kashewa har sai an kwashe kayanki.

Ki kwantar da hankali, domin abin da kika bayyana alama ce mai kyau. Tunda fanka na juyawa kuma tambarin Windows na fitowa, to akwatin wutar cikinta da madabod, wato babban allon da ke haɗa sassanta, suna aiki, kuma ta ga faifan ajiyar. Da a ce shiru ta yi gaba ɗaya, da sai in ce ki zare waya daga soket, ki danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30, ki mayar ki gwada, in ta ƙi a duba akwatin wutar, don shi ne yakan fara ƙonewa idan wuta ta dawo da ƙarfi. Taki matsalar ba can take ba. Wuta ta yanke ne a daidai lokacin da Windows ke rubuta wani abu a faifai, rubutun ya tsaya rabi. Sau da yawa abin da ya taɓu ƙarami ne: ko bayanan tashi, waɗanda ke zaune a wani ɗan yanki na faifan mai girman megabait 100 ko makamancin haka, ko wani fayil na rajista, inda Windows ke adana saitunanta, ko sabuntawar da ba ta ƙarasa shiga ba.

Wannan maganar "sai an yi fomatin" kuwa, ita ce abin da ya fi ƙona mini rai a sana'ar nan, kuma kusan kullum sai na ji ta. Ƙin tashin Windows daban, lalacewar kayanki daban. Kamar littafi ne da shafin ƙunshiyarsa ya yage, amma babukansa suna nan lafiya. Wa zai ƙone littafin don haka? Amma wannan shi ne fomatin. Mai gyaran da ya kalli allo na minti biyu ya yanke wannan hukunci, bai cire faifan ba, bai tayar da kwamfutar da filashi ya leƙa ciki ba, ko tambayar me ke ciki bai yi ba, to ba bincike ya yi ba. Hanyar da ta fi masa sauƙi ya ɗauka, ya sallame ki ya kira na gaba.

Za ki ji wasunsu suna cewa, "Ba komai Hajiya, in mun gama za mu dawo miki da su da manhaja." Kada ki yarda. A kan tsohon faifai mai juyawa, fomatin na gaggawa yakan bar bayanan a kwance, gaskiya ne, amma sabuwar Windows da za a ɗora za ta hau kan wani sashensu, kuma abin da aka rubuta wani abu a kansa ya tafi ke nan. In cikakken fomatin aka yi, tun daga Windows Vista sifili ake bi ana rubutawa a kan faifan kaf. In kuma SSD ne, wato faifan zamani da ba ya juyawa, lamarin ya fi muni, domin akwai umarnin TRIM da ke sanar da faifan cewa waɗannan wurare ba a bukatarsu, shi kuma ya share su da kansa. Nakan ga mutum ya shigo riƙe da faifai a leda, an riga an ɗora masa sabuwar Windows, yana roƙon a nemo masa aikin shekaru. Mu saka manhaja ta kwana tana lalube, ta fito da hotuna rabi launi rabi toka, da takardun da sunansu kawai ya rage, in an buɗe ba komai sai tarkacen alamomi. Garin neman gira an rasa ido. Ku masu gyara, ku ji tsoron Allah. Kayan da ke cikin faifan nan amana ce aka damƙa muku, kuma tambayar "kina da kwafi?" ba ta cin minti ɗaya.

Abin da za a yi na farko shi ne kwashe kayan. A haɗa filashi mai ɗauke da Ubuntu, wata manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a tayar da kwamfutar da shi, a zaɓi gwadawa ba girkawa ba, a buɗe faifan a kwafe jakunkunanki zuwa wani faifai na waje. Ko kuma a cire faifan a jona shi da wata kwamfutar. In aka tarar an kulle shi da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, za a nemi lambar ceto mai ɗauke da lambobi 48, wadda galibi takan kasance a asusunki na Microsoft, sai ki duba ta waya. Ki kasa kunne yayin kwashewa. In kika ji faifan yana ƙas-ƙas ko yana ƙoƙarin juyawa yana tsayawa, a kashe nan take. Kada a sa masa chkdsk, wato umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, kada a buɗe murfinsa, kada a saka shi a firji kamar yadda wasu ke yaɗawa. Irin wannan sai ƙwararru, su fara ɗaukar kwafinsa gaba ɗaya da manhaja irin ddrescue, su yi aiki a kan kwafin.

Sai kin buɗe kundin naki a wata na'ura kin ga yana karantuwa, sannan a taɓa gyara. A shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a duba kwanan wata da agogo. In sun koma baya, ɗan batirin madabod, CR2032, ya yi sanyi, kuma mai yiwuwa saitin ya koma na masana'anta. Canjin saitin faifai tsakanin AHCI da RAID, hanyoyi biyu da madabod ke haɗuwa da faifai, kaɗai ya isa ya hana Windows tashi, a mayar da shi yadda yake shi ke nan. In saitin daidai ne, a tayar da ita da filashin Windows a zaɓi gyara: a gwada Startup Repair, sai System Restore, sai cire sabuntawar ƙarshe. In duk sun ƙi, a yi chkdsk /f, a sake gina bayanan tashi da umarnin bcdboot. Ɗora sabuwar Windows shi ne na ƙarshe, kuma a lokacin ba abin da za ki rasa sai ɗan lokaci.

In ta tashi, ki haɗa ta da UPS, wato na'ura mai batir da ke ba kwamfuta wuta idan an ɗauke. Ko ƙarami ne zai riƙe ta na 'yan mintuna ki adana aiki ki kashe ta yadda ya kamata. Sitabilaiza ba ta yin wannan aikin, daidaita ƙarfin wuta kawai take yi. Kundin kuma ki ajiye shi wuri biyu bayan na cikin kwamfutar, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet.