Amsa ga Saje mai son buɗe mujalla bayan ya ajiye kaki

Assalamu alaikum. Oga Saje, na ga tambayarka tun shekaranjiya: ka ce saura wata takwas ka yi ritaya, kana son ka zuba kuɗin sallamarka a mujalla da buga littattafai, kuma kana tambaya ko an taɓa samun sojan da ya bi wannan hanya ta karɓe shi. Na ga wasu sun ce maka ka sayi Keke Napep ka huta. Ba su yi ƙarya ba ta fuskar ciniki, sai dai ba abin da ka tambaya ke nan ba.

Ni ma kaki na sa, shekara 22, mafi yawansu a ofishin bataliya ina aikin akawu. Da na fito na buɗe mujallar wata-wata, ta mutu a fitowa ta biyar. Yanzu gyaran rubutu nake yi wa marubuta, ina kai musu aiki maɗaba'a, kuma da shi nake ciyar da gida, alhamdulillahi.

A nan gida muna da Janar Mamman Vatsa, wanda ya yi ta rubuta waƙoƙi da littattafan yara yana cikin kaki har aka kashe shi a 1986, da Kyaftin Elechi Amadi, wanda ya shahara a ƙagaggen labari. Amma su hafsoshi ne masu ilimin boko tun farko. Wanda ya fi kama da ni da kai wani Bature ne ɗan Ingila, William Cobbett, domin shi daga kurtu ya faro, kuma ya haɗa duka ukun da kake nema: edita, mawallafi, marubuci. Na fara sanin sa ne ta wani tsohon littafinsa na nasiha ga samari da na tsinta wajen masu sayar da littattafan gwanjo, bayan mujallata ta riga ta rushe. Da na karanta shi kafin nan, wataƙila da ban yi asarar da na yi ba.

An haife shi a 1763 a garin Farnham, ɗan ƙaramin manomi, yana yaro aikinsa korar tsuntsaye daga gona. Ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a runduna ta 54, albashinsa sisi a rana. A barikin Chatham ya koya wa kansa nahawun Turanci. Shi da kansa ya ba da labari cewa gefen gadonsa ne kujerarsa, jakar goyonsa ita ce ma'ajiyar littattafai, wani guntun katako a kan cinya shi ne teburi. Ba shi da kuɗin kyandir, sai hasken wutar da ake jin ɗumi, ita ma sai layi ya zo kansa. In zai sayi takarda ko tawada, sai ya rage daga abincin da dama bai ishe shi ba. Littafin nahawun nan ya kwafe shi da hannu, ya haddace, in yana gadi sai ya yi ta tilawarsa. Duk wanda ya taɓa tsayuwar gadi daga biyun dare zuwa huɗu ya san yadda lokacin nan yake ja, kuma ya san abin da ake nufi da a ce mutum ya mai da shi makaranta.

A 1785 aka tura shi Kanada, yankin New Brunswick. Da yake ya iya rubutu da lissafi, takardun runduna suka koma hannunsa, ya tsallake saje-saje da yawa ya zama samanja. To a nan ne labarinsa ya fara shiga jikina, Oga, domin akawu shi ne yake ganin abin da fareti ba ya nunawa. Ya ga yadda wasu hafsoshi ke cin kuɗin abinci da tufafin ƙananan sojoji. Ya kwafi abin da ya iya kwafa a ɓoye, shi da wani kofur. Da aka sallame shi a ƙarshen 1791 sai ya kai ƙara. Aka sa ranar zaman kotun soja a Maris 1792. Amma littattafan runduna na asali ba a killace su ba, suna inda waɗanda ake tuhuma za su iya kai hannu, kofur ɗin da zai ba da shaida kuma ba a sallame shi ba, yana ƙarƙashin ikonsu, ana iya yi masa bulala a kowane lokaci. Cobbett ya ga cewa ƙarar za ta juyo kansa. Bai halarci zaman ba, ya tsallaka Faransa da amaryarsa, daga can suka wuce Amurka. Aka wanke hafsoshin.

Irin wannan ramin na faɗa. A fitowa ta uku na buga labari kan yanke kuɗin wasu 'yan fansho. Abin da ke hannuna fotokwafi ne da alkawarin mutum biyu cewa za su tsaya min. Labarin gaskiya ne, har gobe ina kan haka. Da takardar lauya ta iso, ɗaya ya kashe waya, ɗaya ya zo har gida yana ba ni haƙuri, ya ce yana da 'ya'ya bakwai kuma fanshonsa a hannun mutanen nan yake. Ban ga laifinsa ba. Ni ne na ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Na buga neman afuwa a shafin farko, kuma ranar na fi jin kunya fiye da duk wani horo da aka taɓa ba ni a bariki. Don haka kafin ka buga zargi, ka tambayi kanka: takardar asali tana ina, kuma mai shaidar nan wa yake riƙe da abincinsa? Yanzu akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka rubuta ka nemi takarda a hukumance, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka kuma tuna dokar sirrin gwamnati ba ta sake ka don ka cire kaki. Muddin kana cikin aiki kuwa, ko layi ɗaya kada ka fitar sai da izini.

A birnin Filadelfiya na Amurka Cobbett ya fara da koya wa Faransawa 'yan gudun hijira Turanci, sannan ya shiga rubuta ƙasidu da sunan aro, Peter Porcupine, wato beguwa, kuma sunan ya dace da alƙalaminsa. A 1797 ya buɗe jaridar kullum. Ya sa wani babban likita, Benjamin Rush, a gaba kan yadda yake zubar wa masu ciwon shawara jini da sunan magani. A batun maganin, zamani ya nuna Cobbett ya fi kusa da gaskiya. Amma ya haɗa da zagi, likitan ya kai ƙarar ɓata suna, kotu ta yanke masa biyan diyyar dala 5,000 a 1799. Ya tattara ya koma Ingila a 1800.

A 1802 ya kafa jaridar mako-mako, Political Register, wadda ya riƙe har mutuwarsa, shekara 33. Ka tsaya ka auna wannan, Oga. Ni wata biyar na yi na durƙushe. Shi kuwa ko yana kurkuku, ko yana gudun hijira a ƙetaren teku, rubutun bai tsaya ba. A ganina wannan shi ne babban abin da ya fito da shi daga soja: tashi da asuba, gama aikin takarda kafin kowa ya farka, da ɗaukar ranar fitowar jarida kamar lokacin fareti. Wannan jarin kana da shi, kuma yawancin waɗanda za ka tarar a harkar ba su da shi. Kada ka raina shi.

Da farko yana goyon bayan gwamnati ne, a hankali ya juya ya zama mai kare talakan ƙauye da leburori. Abin da ya kai shi gidan yari ma batun soja ne. A 1809 wasu dakarun sa-kai a garin Ely suka yi bore saboda an yanke musu kuɗin jakar goyo daga albashi. Aka kawo sojojin Jamus da ke yi wa Ingila aiki suka murƙushe su, aka yanke wa mutum biyar bulala 500 kowannensu. Tsohon samanja bai iya yin shiru ba, ya rubuta abin da ya rubuta. A 1810 aka yanke masa shekara biyu a kurkukun Newgate da tarar fam 1,000. Ya ƙi ɗaukar lauya, ya kare kansa, kuma bai yi kyau ba a gaban alƙali. Wannan halin namu ne na ƙananan hafsoshi, mun saba mu yi komai da hannunmu, muna ganin neman taimako kasawa ce.

Yana cikin kurkuku ne ya gano cewa lissafin kasuwancinsa a dagule yake. Shekara da shekaru ya bar wa abokin aikinsa harkar kuɗi, shi yana rubutu da noma a gonarsa ta Botley, bai zauna ya duba littafi ba. Mutumin da ya riƙe lissafin runduna guda, ya kasa duba nasa. Bashi ya tilasta masa sayar da ɗaya daga cikin manyan ayyukansa, wato buga muhawarar majalisar dokoki, wanda shi ya faro. A 1812 ya koma hannun mai maɗaba'ar da ke buga masa, Thomas Hansard. Shi ya sa har yau a majalisun Ingila da na ƙasashen da ta raina, har da tamu ta Abuja, ake kiran kundin muhawara Hansard, sunan mai bugu, ba sunan sojan da ya kafa shi ba. A 1820 kuma sai da ya karye gaba ɗaya, gonar ta tafi.

Abin da ya kashe mujallata ke nan, ba takardar lauyan ba. Na ba dillalai kaya bashi, a sayar a kawo. Wasu suka dawo da rabi ya sha rana da ƙura, wasu ban ƙara ganinsu ba. Masu talla suka yi alkawari da baki. Wanda na ba amanar karɓar kuɗi ba ɓarawo ba ne, bai dai iya rubuta shiga da fita ba, ni kuma ina can ina gyaran shafi har tsakar dare ina jin daɗi. Mai maɗaba'a ba ya jiran dillali, kuɗin takarda da filet (farantin da ake buga shafi da shi) a hannu yake so. A bariki albashi yana zuwa ko ka sayar ko ba ka sayar ba, kuma wannan ne ba a koya mana ba.

Inda Cobbett ya burge ni ƙwarai shi ne 1816. Harajin hatimi da gwamnati ta ɗora wa jaridu ya sa jaridarsa ta haura sule guda, kuɗin da lebura ba zai iya ba, sai dai a yi karo-karo a saya ɗaya, wani ya karanta wa jama'a. Sai ya lura cewa harajin a kan labarai yake. Ya cire labaran, ya bar sharhinsa kaɗai, ya buga a falle guda ya sayar kwabo biyu. Aka riƙa sayen wajen 40,000 a mako. Maƙiyansa suka kira ta sharar kwabo biyu, shi kuma ya karɓi sunan ya riƙe. Abin ya dami gwamnati, a 1817 da aka dakatar da dokar da ke hana tsare mutum ba shari'a, ya sake gudu Amurka. A can ya rubuta littafin nahawu a 1818, kuma a bangonsa ya ambaci waɗanda ya yi dominsu: sojoji, ma'aikatan jirgin ruwa, 'yan koyon sana'a da yaran gona. Ya san mai karatunsa, ya san abin da ke aljihunsa, ya kuma yi masa magana da harshen da yake ji. Ni kuwa na buga mujalla mai bango mai sheƙi, na sa farashin da tsofaffin sojojin da na rubuta dominsu ba za su iya biya ba.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Ya rubuta munanan kalamai kan baƙar fata da Yahudawa, ya kuma yi ta sukar masu yaƙi da bautar da bayi, yana cewa sun bar talakan gida suna tausayin na nesa. Duk lokacin da na ci karo da waɗannan shafuka raina yana ɓaci, kuma ban yarda a ce zamaninsa ne ya sa ba, tunda a zamanin nasa akwai waɗanda suka tsaya kan gaskiya. Abin da nake ɗauka a wurinsa sana'ar ce.

Bayan ya dawo a 1819, ya hau doki ya zaga ƙauyukan kudancin Ingila yana rubuta abin da idonsa ya gani na amfanin gona, albashin lebura da abin da ke tukunyarsa. An tattara su a littafin Rural Rides a 1830, kuma shi ne aka fi karantawa cikin ayyukansa har yau. A 1831 gwamnati ta sake gurfanar da shi kan zargin tunzura leburorin gona, ya sake kare kansa, wannan karon masu taya alƙali hukunci suka kasa daidaita baki, aka sake shi. A 1832 mutanen Oldham suka zaɓe shi ɗan majalisa. Ya mutu a Yunin 1835.

To, ga abin da zan yi in ni ne kai. Kuɗin sallama ka raba, kaso mafi girma kada ya kusanci maɗaba'a. Wata takwas ɗin nan ka riƙa rubuta shafi biyu kullum bayan sallar asuba, ka ajiye a gida. In ka fito, ka nemi wata jarida ko maɗaba'a ka zauna wata shida ko da ba albashi, ka ga yadda ake lissafin takarda, yadda ake tsara shafi, da yadda ake karɓo kuɗi a hannun dillali. Ka fara da ƙaramin littafi ɗaya, ko shafin intanet, kan abin da kai ka sani wasu ba su sani ba: rayuwar bariki, matan sojoji, layin tantance 'yan fansho. Ka yi wa kamfani rajista, ka karɓi lambar littafi a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka sami lauyan da zai duba duk shafin da ya ambaci sunan mutum. Littafin shiga da fita kuma kai za ka riƙe, ka duba shi kowace Juma'a.

In ka rubuta shafi goma na farko, turo min ta akwatin saƙo, zan duba maka ba ko kwabo. Allah ya sa ka gama aiki lafiya, ya kuma sa wa abin da za a ba ka albarka.